Tozo ko filafili? Tarihin wata gardamar masana

A shekarar 1912 aka tono wasu ƙasusuwa a Bahariya, cikin hamadar Masar. Masanin Jamus Ernst Stromer ya bayyana su a 1915, ya raɗa wa dabbar suna Spinosaurus. Ƙasusuwan da suka miƙe bisa gadon bayanta sun kai mita 1,65. A watan Afrilun 1944 bama-bamai suka ƙone gidan tarihi na Munich tare da su, sai zane da bayani suka rage.

Tun daga nan masana ke tambayar amfanin waɗannan ƙasusuwa. Wasu suka ce fata ce shimfiɗe a kansu kamar filafilin jirgin ruwa, tana ɗaukar zafin hantsi, tana sake shi idan rana ta take. A 1997 Jack Bailey ya ce tozo ne na kitse irin na raƙumi. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka bayyana sababbin ƙasusuwa daga Maroko, masu gajerun ƙafafun baya, suka ce dabbar ruwa ce. A 2020 suka nuna wutsiyarta mai faɗi. Daga nan wasu suka ɗauki filafilin a matsayin abin daidaita jiki cikin ruwa. A 2022 Paul Sereno da jama'arsa suka musanta: a ganinsu dabbar tana kamun kifi ne a bakin ruwa kamar zalɓe, filafilin kuwa ado ne na nuna isa, kamar zankon zakara.

Ƙasar Nijar na da bakin magana cikin wannan gardama. A Gadufawa, cikin Tenere, Philippe Taquet ya tono Ouranosaurus, wanda ya bayyana a 1976: dabba mai cin ganye a tudu, amma da dogayen ƙasusuwan baya. Wannan ya nuna cewa filafili ba ya tabbatar da zaman ruwa. A wannan yanki kuma Sereno ya samo Suchomimus a 1997, ɗan'uwan Spinosaurus mai cin kifi, mai gajeren filafili.

Darasin Munich a fili yake: ƙashin da ya salwanta, hujjarsa ta tafi. Abin da Tenere ta adana shekaru sama da miliyan 100 amana ce a wuyan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da malamai, da ƙungiyoyin al'adu, domin ƴaƴan ƙasa su iya shiga gardamar da hujja a hannu.