Takakiya: Tsiron da Ya Shekara 130 a Dangin da Ba Nasa Ba

Wannan makon na kawo mana tarihin wani ɗan tsiro ne da bai kai tsawon farce ba, amma ya wahalar da masana fiye da ƙarni guda.

Abin da muke kira gansakuka a dunƙule, masana sun raba ƙananan tsirran cikinsa gida uku. Biyu ne suka shafe mu: gansakuka ta ainihi, da kuma ciyawar-hanta, wadda Turawan dā suka ga ta yi kama da hanta har suka riƙa maganin ciwon hanta da ita.

A 1861 wani mai haɗa magani a Ingila, William Mitten, ya duba busasshen tsiro da aka kawo daga tsaunukan Himalaya, ya ce ciyawar-hanta ce. Aka rubuta, aka manta. Sai bayan kusan shekara 90 Noriwo Takaki ya ci karo da irinsa a duwatsun Japan. A 1958 Hattori da Inoue suka raɗa masa suna Takakiya don girmama shi, su ma suka bar shi a wancan dangin. Sunan da Japanawa suka ba shi ya fi burge ni: nanjamonja-goke, kamar ka ce "gansakukar mene ne wannan".

Ni ban ga laifinsu ba. Ana gane dangin irin waɗannan tsirrai ne daga kwanson da ke ɗauke da ƙwayoyin haihuwarsu, kuma ba wanda ya taɓa ganin na Takakiya. Ganye kawai suke da shi, ganyen kuwa ya yaudare su. Da aka samu kwanson a tsibiran Alushiyan na Alaska, rahoton 1993 ya nuna gansakuka ce ta ainihi.

Inda take tsirowa ma abin mamaki ne: Himalaya, Borniyo, Japan, Alaska da yammacin Kanada, tsakaninsu dubban kilomitoci. Binciken da mujallar Cell ta buga a 2023 ya ce reshenta ya rabu da sauran gansakuka kimanin shekara miliyan 390 da suka wuce, wato ta girmi Himalayar da take kai nesa ba kusa ba. A tsaunin Tibet, inda suka bibiye ta sama da shekara 10, sun tarar tana raguwa da kashi 1.6 cikin 100 kowace shekara yayin da zafi ke ƙaruwa.