Ɗan Sanda a Harabar Makaranta: Yadda Amurka Ta Shigo da Shi Kafin Ta Shata Masa Iyaka

Kusan rabin makarantun gwamnati a Amurka suna da ɗan sandan da ke zuwa aiki cikinsu aƙalla sau ɗaya a mako, galibi da bindiga a ƙugu da ankwa a ɗamara. Alƙaluman Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar sun nuna adadinsu ya haura 23,000 a zangon karatu na 2019 zuwa 2020. Yawancinsu ofishin 'yan sandan gari ne ya ɗauke su aiki, can ake ba su umarni da ƙarin girma, amma a hannun shugaban makaranta suke wuni. Idan irin wannan jami'i ya sa wa yaro ankwa a kan laifin da bai wuce a kira iyayensa ba, wa za a tuhuma? Sai da Amurka ta yi shekaru kusan sittin kafin ta fara rubuta amsar, kuma amsar ta fi faɗawa a wuyan hukumar makarantu ta gunduma.

Irin waɗannan hukumomi sun kai kimanin 13,000 a faɗin ƙasar. Yawanci mutanen yankin ne ke zaɓen 'yan majalisar hukumar, su kuma su naɗa babban jami'in gudanarwa. Kuɗinsu yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye da kason gwamnatin jiha, sai ɗan abin da gwamnatin tarayya ke ƙarawa. Hukumar ce ke ɗaukar malamai, ita ke rubuta dokokin ladabtarwa, ita ce kuma ke sa hannu idan za a kawo 'yan sanda.

Farkon lamarin

Tun a 1948 hukumar makarantun Los Anjelis ta kafa sashen tsaro nata na kanta, wanda daga baya ya zama cikakkiyar rundunar 'yan sanda. Amma tsarin da aka fi sani yau, na aro ɗan sandan gari a ajiye shi a makaranta, ana danganta shi da birnin Flint na jihar Michigan, a shekarun 1950. Manufar a lokacin ba ta da alaƙa da 'yan bindiga. So ake yara su saba da mai kaki, shi ma ya san su, a tare ƙananan laifuka tun kafin su girma. Cikin shekarun 1960 birane irin su Tucson da Miami da Fresno suka bi sahu. Zamanin ya zo daidai da rigingimun haɗa yara baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya, kuma tun a lokacin masu kare 'yancin jama'a suka fara ƙorafin cewa a unguwannin baƙar fata da talakawa aka fi jin nauyin takalmin ɗan sanda. Duk da haka abin bai yaɗu ba. A tsakiyar shekarun 1970, makarantun da ke da ɗan sanda ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba.

A daidai wannan lokaci kotuna da majalisa suka shiga ɗora wa hukumomin makarantu wasu haƙƙoƙi na ɗalibi. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ta hana makaranta miƙa fayil ɗin yaro ga wani na waje ba da yardar iyaye ba, sai a wasu yanayi da ta lissafa. A 1975, a shari'ar Goss da Lopez, Kotun Ƙoli ta ce ko dakatarwar 'yan kwanaki za a yi wa ɗalibi, dole a gaya masa laifinsa a kuma ji ta bakinsa.

Sai shari'ar 1985 da ake kira New Jersey da T.L.O. An kama wata yarinya 'yar shekara 14 tana shan taba a banɗakin makaranta, ta musanta. Mataimakin shugaban makarantar ya buɗe jakarta, ya ga kwalin sigari da takardar naɗi, ya ci gaba da lalube har ya samo tabar wiwi da kuɗi da sunayen waɗanda take bi bashi. Kotun ta ce malami ba ya buƙatar takardar izini daga alƙali kafin ya caje ɗalibi, zargi mai tushe ya wadatar. Ta kuwa faɗi a fili cewa ba ta yanke hukunci kan cajen da aka yi tare da 'yan sanda ba. Wannan giɓin ya daɗe a buɗe, domin ɗan sandan makaranta yana tsakiya ne: ba malami ba, ba kuma baƙo ba. Kotunan jihohi da dama sun ba shi sassaucin da aka ba malami.

Kuɗi da tsoro

Shekarar 1994 ce ta juya akalar. Gwamnatin Bill Clinton ta kafa ofishi na musamman a Ma'aikatar Shari'a domin biyan kuɗin ɗaukar 'yan sandan cikin al'umma. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta ce duk jihar da ke son kuɗin ilimi na tarayya sai ta kori ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga na aƙalla shekara guda, a kuma miƙa shi ga hukumomin shari'a. Gundumomi da yawa suka faɗaɗa wannan tsauri ya haɗa da faɗa da ƙwaya da rashin kunya. A 1998 birnin Niyok ya cire harkar tsaron makarantu daga hannun hukumar ilimi ya damƙa wa rundunar 'yan sandan birnin.

Ranar 20 ga Afrilu 1999 wasu ɗalibai biyu suka shiga makarantar sakandare ta Columbine a Kolorado suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya. Makarantar tana da jami'inta mai bindiga, har sun yi musayar wuta da ɗaya daga cikin maharan, amma darasin da ƙasa ta ɗauka shi ne a ƙaro irinsa. Tsakanin 1999 da 2005 gwamnatin tarayya ta raba sama da dala miliyan 750, aka ɗauki jami'ai fiye da 6,500 domin makarantu. Ƙungiyar jami'an ta ƙasa, wadda aka kafa a 1991, tana koyar da cewa aikinsu kashi uku ne: tsare doka, ba da shawara, da koyarwa. Sai dai shiga horonta ba dole ba ne, kuma jihohi da yawa ba su da wata doka kan wanda ya dace a tura.

Abin da ya biyo baya alƙalan kotunan yara ne suka fara ganinsa. A yankin Clayton na jihar Jojiya, alƙali Steven Teske ya ga kotunsa ta cika da yaran da aka kawo kan damben filin wasa da hayaniya a aji. A farkon shekarun 2000 ya tara hukumar makarantu da shugabannin 'yan sanda da masu gabatar da ƙara suka sa hannu a takarda: a kan ƙananan laifuka, karon farko gargaɗi, karo na biyu zaman sasanci da yaro da iyayensa, sai a na uku a je kotu. Ƙararrakin suka ragu sosai, kuma yankuna da dama suka kwafi tsarin. Denver ta rubuta tata yarjejeniyar a 2013, haka ma yankin Broward na Fulorida. A shekarar ce Teksas ta taka birki kan ɗabi'ar yanka wa ɗalibai takardar sammaci saboda tayar da hankali a aji.

Kotun Ƙoli ta sake magana a 2011. Wani yaro ɗan shekara 13 a Chapel Hill, ɗan sanda cikin kaki ya fitar da shi daga aji ya kai shi wani ɗaki, aka rufe ƙofa, mai binciken 'yan sanda ya yi ta yi masa tambayoyi kan fasa gidaje a gaban mataimakin shugaban makaranta. Ba a gaya masa yana da damar yin shiru ba, ba a kira kakarsa da ke riƙonsa ba. Alƙalai biyar cikin tara suka ce dole a yi la'akari da shekarun yaro wajen tantance ko a tsare yake, tunda babba zai iya tashi ya fita, yaro kuwa bai san yana da wannan ikon ba.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disambar 2012, kira ya sake tashi a ƙara masu bindiga a makarantu. Gwamnatin Barack Obama ta ƙara kuɗi, amma a Janairun 2014 ma'aikatun ilimi da shari'a suka aika wa gundumomi wasiƙa mai muhimmanci. Ta tuna musu cewa dokar hana wariyar launin fata ta 1964 tana hawa kansu, kuma makaranta ba za ta wanke hannunta ba don kawai ta miƙa ladabtarwa ga jami'in tsaro ko ɗan sanda. A 2016 aka fitar da ma'aunin da gunduma za ta bi wajen rubuta yarjejeniya da zaɓen jami'i da horar da shi.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu ne bidiyon makarantar Spring Valley ta Karolina ta Kudu ya karaɗe duniya, a Oktoban 2015. Wata ɗaliba ta ƙi ajiye wayarta, ta ƙi fita daga aji. Malami ya kira ɗaya daga shugabannin makarantar, shi kuma ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya kifar da ita tare da kujerarta, ya ja ta a ƙasa, ya sa mata ankwa. Wata 'yar ajin da ta ɗaga murya ma aka kama ta. An kori jami'in daga aiki, kuma a 2018 jihar ta gyara tsohuwar dokarta ta "damun makaranta" da aka tuhumi 'yan matan da ita.

Daga nan lamarin ya zama ja-in-ja. A Fabrairun 2018 aka kashe mutum 17 a wata makaranta a Parkland ta Fulorida, ɗan sandan makarantar yana tsaye a waje bai shiga ba. Cikin 'yan makonni Fulorida ta wajabta mai tsaro da makami a kowace makarantar gwamnati, kuma a Disamba gwamnatin Donald Trump ta janye wasiƙar 2014. Bayan wani ɗan sandan Minneapolis ya kashe George Floyd a Mayun 2020, hukumar makarantun birnin ta soke kwangilarta da 'yan sanda, Denver da Portland da Oakland suka bi. A Uvalde ta Teksas, inda aka kashe yara 19 da malamai 2 a Mayun 2022, gundumar tana da rundunarta ta kanta, amma jami'ai 376 daga hukumomi daban-daban suka taru aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin, saboda ba a san wanda ke ba da umarni ba. Denver kuwa ta mayar da 'yan sanda a 2023 bayan harbi a ɗaya daga manyan makarantunta. Wani bincike da masana na Jami'ar Albany da cibiyar RAND suka fitar a 2021 ya gano cewa kasancewar jami'in yana rage wasu nau'o'in faɗa, amma yana ƙara dakatarwa da kamu, musamman ga baƙaƙen yara da masu naƙasa, kuma ba a ga ya rage harbe-harbe ba.

Abin da ya rataya a wuyan gunduma

Janye wasiƙar 2014 bai ɗauke nauyin ba, domin dokokin da ta dogara a kansu suna nan, jihohi kuma sun shiga rubuta nasu. Jihar Bajiniya ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kowace hukumar makarantu da 'yan sandan da take aiki da su, a riƙa sabunta ta. Teksas, wadda a 2023 ta ce sai an ajiye mai bindiga a kowace makaranta, tun 2019 ta umarci gundumomi su fayyace aikin jami'in, ta kuma hana a ɗora masa ladabtarwar yau da kullum.

Yarjejeniya mai kyau takan amsa tambayoyi ƙalilan, kowace da tarihin ɓarnar da ta haife ta. Wane laifi ne na malami, wane ne na ɗan sanda? Wa ke da bakin magana wajen zaɓen jami'in, wa kuma zai iya cewa a canza shi? Wane horo ya samu kan halayyar yara da kan masu naƙasa, waɗanda dokokin tarayya suka ba kariya ta musamman? Wane fayil zai iya buɗewa? Yaushe ake kiran iyaye kafin a yi wa yaro tambayoyi? Wa ke riƙe da umarni ranar da aka kawo hari? Gunduma kuma tana kai wa ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi adadin ɗaliban da aka kama ko aka miƙa wa 'yan sanda, a rarrabe bisa launi da jinsi da naƙasa.

Kaso mafi wuya shi ne horar da ma'aikatan makarantar kansu. A Spring Valley ɗan sandan bai kai kansa ajin ba, kiransa aka yi, a kan wayar salula. Shugaban 'yan sanda zai iya korar jami'insa, amma ba shi da iko a kan malamin da ya gaji, ko shugabar makarantar da ta ga kiran mai kaki ya fi zama da iyaye sauƙi. Wannan ikon yana hannun hukumar gunduma, kuma 'yan majalisarta sukan koma gaban iyayen yaran neman ƙuri'a duk bayan 'yan shekaru.