Kofin Nono da Sa'a Guda: Tarihin Mai Shayarwa a Duwala



A bakin Bahaushe, saniya ake tatsa. Shi ya sa idan kaka ta ga surukarta ta keɓe da asuba tana matse nono cikin kofi kafin ta fita aiki, sai ranta ya sosu, ta ce wannan kuma wane irin zamani ne. Amma kofin nan yana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a titunan unguwarmu ya faru.

Jamusawa ne suka yanka New Bell gab da yaƙin duniya na farko, domin su kwashe Duwalawa daga bakin kogin Wuri, su bar filin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, da kakanninmu fatake da mahauta da maɗinka.

A wancan lokaci babu abin da ke raba uwa da jaririnta. Sana'ar Bahaushiya a cikin gida take: ƙosai, waina, fura, kitso, yara su kai talla. Za ta yi wankan jego na kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, ta ci gaba da aikinta da goyo a baya, har yaye ya zo wajen shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta nuna. In uwa ta rasu ko nononta ya ƙafe, wata mace ce za ta karɓi yaron, kuma ba abin kunya ba ne, tunda Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW).

Aikin albashi ne ya zo da rabuwa. Tashar jiragen ruwa da layin dogo suka mai da Duwala garin 'yan ƙwadago. A watan Satumba 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, jama'a suka kwararo daga New Bell, Turawan gari suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Matsin ƙungiyoyin ƙwadago, a nan da sauran ƙasashen da ke hannun Faransa, shi ya haifar da dokar aiki ta 15 ga Disamba 1952. A cikinta aka ba mai ciki hutun mako 14, aka ba mai shayarwa sa'a guda a kowace ranar aiki har wata 15. Tushen abin ya girmi haka: tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara wa uwa rabin sa'a sau biyu a yini. Dokar aikin Kamaru ta 14 ga Agusta 1992 ta riƙe wannan haƙƙi a sashe na 84 da na 85. Wato sa'ar nan ba alfarmar maigidan aiki ba ce, gado ce da aka sha wuya kafin a same ta.

Kafin mata su ci moriyarta sosai, madarar gwangwani ta shigo da tallarta, ana nuna ta a matsayin wayewa. Inda ruwa ba shi da tsabta, kuɗi kuma ba sa isa, uwa takan tsinka madarar don gwangwani ya daɗe, sai gudawa da tamowa su biyo baya. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gana, ta yi kashedi a kan haka tun 1939 a Singafo. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar taƙaita tallar madarar jarirai. Shawararta a yau ita ce nono zalla wata shida, ko ruwa ba a haɗawa.

To, a nan lissafi ya ƙi. Hutu mako 14 ne, huɗu daga ciki kafin haihuwa, don haka uwa na komawa aiki jariri bai cika wata uku ba. Wadda ke aiki a Bonaberi sai ta haye gadar Wuri, ta yankin masana'antun Basa kuwa ga cunkoson Ndokoti. Ko a kan babur ne, sa'a guda a hanya za ta ƙare. 'Yar kasuwa da mai aikatau, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki, ko sa'ar ma ba mai ba su. Kofi ne ke cike wannan giɓi.

Dalili kuwa a jikin mace yake. Nono gwargwadon fitarsa yake zuwa. In ya yini a cike, mama ya kumbura, wani lokaci har da zazzaɓi, jiki kuma ya rage samarwa, bayan 'yan makonni a ce nono ya ƙafe. Matsewa duk bayan sa'a uku ko huɗu tana hana haka. Ba dole sai da inji ba. An yi rajistar famfon nono a Amurka tun 1854, amma wankakken hannu da kofi mai murfi sun wadatar. Nonon da aka matse yana kai sa'a huɗu a ɗaki mai sanyi, kwana huɗu a firiji. Zafin Duwala da ɗaukewar wuta suna rage wannan wa'adi, don haka kula da ƙanƙara ta fi aminci. Ba a tafasa shi: a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, a ba yaro da cokali ko ƙaramin kofi.

Akwai kuma abin da malamanmu suka riga likitoci faɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure, ko tsotsa ɗaya ce, ko ɗura aka yi. A gidan haya mai iyalai da yawa da firiji guda, kofin da aka yi kuskurensa zai iya mai da 'ya'yan maƙwabta 'yan uwan shayarwa. A rubuta suna da lokaci a jikin murfi. In kuskure ya auku, a sanar da iyaye, kada a ɓoye.

Saboda haka, iya, in kin ga kofin nan kada ki ƙyamace shi. Da can baya ne ke ɗauke da yaro zuwa wurin sana'a, yau kuwa uwa ce ke tafiya ta bar masa abincinsa a hannunki. Maigida, sayen kula da ƙanƙara yana cikin ciyarwar da ke wuyanka. Ke kuma ma'aikaciya, nemi sa'arki da ɗaki mai sutura, doka ce ta ba ki lokacin.

Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa iyaye mata da alheri.