Gulbi da Amarya: Yadda Indiyawa da Kiristoci Suka Nemi Saduwa da Ubangiji

Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga soyayyar ce ta sake riga.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san zikirin Ƙadirawa da wazifar Tijjanawa, ya kuma ji malamai na maganar fana'i, wato bawa ya mance da kansa saboda tsananin tuna Ubangijinsa. Ashe ba mu kaɗai muka san wannan ƙishirwa ba.

A Indiya akwai wani malamin Hindu mai suna Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8. Shi a wajensa babu biyu sam. Ran ɗan Adam da abin da suke kira Brahman abu guda ne, jahilci ne ya sa labule a tsakani. Ku ɗauki ruwan da ke wucewa ta Matan Fada, in ya gangara ya faɗa Kwara, wa zai ɗebo shi ya ce ga na Argungu? To haka suke kallon al'amarin. Amma ba duk Indiyawa suka yarda ba. Mirabai, wata 'yar sarauta a Rajasthan a ƙarni na 16, ta ɗauki Krishna tamkar mijinta, tana rera masa waƙoƙin bege. Irin su ba sa son narkewa, don in masoyi ya zama abin so, wa zai yi begen wa?

Kiristoci kuwa sun fi karkata nan. Teresa ta garin Abila a Sifen ta rubuta littafi a 1577 inda ta kwatanta rai da gidan sarauta mai sassa 7, a na ƙuryar ciki ake abin da ta kira auren ruhi. Abokin aikinta Yohana na Gicciye, wanda ya rasu a 1591, ya ce sai an ratsa dare mai duhun gaske, a rasa daɗin ibadar ma, kafin a isa. Sai dai coci ta tsaya kai da fata cewa amarya ba ta zama ango, halitta tana nan halitta. Abin da ya ba ni mamaki, Teresar ma da kalmomi suka ƙare mata, misalin ruwan sama da ya faɗa kogi ta kawo.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Dara Shikoh, babban ɗan Sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. Baƙadire ne, ɗarikarsu ɗaya da Shehu Usmanu da Malam Abdullahin Gwandu. Ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta Majma'ul Bahraini yana gwada kalmominsu da na Sufaye, a 1657 kuma ya sa aka juya littattafansu na Upanishad zuwa Farisanci. Ƙanensa Aurangzeb, da suke rigimar gadon sarauta, ya sa aka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi a 1659. Ni dai a ganina sarautar ce ta ci shi, littafin hujja kawai aka kafa da shi. Kafin shi an kashe Hallaju a Bagadaza a 922 kan maganar da aka ce ta share iyaka tsakanin bawa da Ubangiji.

Malamanmu na nan ba su bi ta wannan gaɓar mai santsi ba. Shehu da kansa ya ba da labarin ganinsa da Abdulƙadir Jilani a 1794, amma abin da ya fito da shi daga wannan hali kira ne zuwa ga Shari'a. A wajensu wanda ya yi fana'i dole ya dawo hayyacinsa, ya yi alwala, ya bi liman kamar kowa.