Wankan Jego da Ciwon Zuciya a Zariya

Wankan jego tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mai jego kan yi wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, ana tsoma ganye ana fyaɗawa a jiki, har ta yi arba'in, wata ma ta zarce. A ƙasar Zazzau akan haɗa da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa. Duk don korar sanyi ake yi, wanda tsofaffi ke ɗauka babban makashin mai jego.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka fara zargin al'adar. A 1978 Neil Davidson da Eldryd Parry suka wallafa bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza gab da haihuwa ko bayanta: ƙafafu a kumbure, haki ko da ana zaune. Yawancinsu Hausawa ne, kuma cutar ta fi ƙamari da damina.

Abin da ya rage shi ne a san yawan jinin da zuciyar ke turawa, wanda a jikin mai lafiya yakan kai kimanin lita 5 a minti ɗaya. A da, sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya. Daga baya aka samu hanyoyin da ba a huda jiki. A 1966 William Kubicek na Jami'ar Minnesota ya fito da dabarar manna wayoyi a wuya da ƙirji, a saki lantarki kaɗan, a ƙiyasta jinin daga yadda ƙirjin ke tare lantarkin. A Zariya kuwa na'urar hoton zuciya ta sauti aka yi aiki da ita. Sakamakon da John Sanderson da abokan aikinsa suka fitar a 1979 ya ba da mamaki: a jikin mata da yawa zuciyar na turawa sosai, ruwa ne ya yi mata yawa. Aka ɗora laifin kan gishirin kanwa da zafin wuta.

Hukuncin bai tsaya nan ba. Binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, aka wallafa a 2020, bai ga alaƙa tsakanin raunin tsokar zuciya da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da ya gano suna tafiya da cutar su ne rama, rashin aikin yi, rashin karatun boko, da hawan jinin masu ciki.