Tarihin Tartsatsin da ke Tayar da Injin Ban-ruwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, noman rani ya ƙara ƙarfi a yammacin Kano, injinan ban-ruwa masu shan fetur suka cika fadamu. Daga Karaye har Fulatan ta ƙasar Rogo, in inji ya ƙi tashi, fulogi bakanike ke fara kwancewa. Ya kankare baƙin hayaƙin, ya ɗan danna ƙarfen bakinsa, ya jingina shi da jikin inji, ya ja igiya yana duban wuta.

Giɓin da wutar ke tsallakewa bai kai milimita ɗaya ba, amma an haura shekara ɗari ana nazarinsa. A 1889, Bajamushe Friedrich Paschen ya auna ƙarfin lantarkin da ake buƙata kafin tartsatsi ya keta iska tsakanin ƙarafa biyu. Ya gano cewa tazara da matsin iskar da ke tsakani tare suke yanke hukunci. A iskar da muke shaƙa, tazarar santimita ɗaya tsakanin faifai biyu masu santsi tana neman volt kusan 30,000, kuma in aka matse iskar, buƙatar ta hau. Shi ya sa fulogi kan ba da wuta a fili, a mayar da shi inda fistin ke matse iska ya yi shiru. Sau da yawa mai sayar da fetur ke shan zargi a banza, manomi kuwa tumaturinsa na yaushi.

Don samar da ƙarfin da tartsatsi ke buƙata a cikin inji, a 1902 Gottlob Honold, injiniyan kamfanin Robert Bosch a Stuttgart, ya ƙera na'urar maganadisun da ke ba fulogi wuta mai ƙarfi.

Saura batun siffar ƙarfen. Lantarki yana taruwa a tsini da kaifi, daga nan iska ke fara karyewa. Masu gwaje-gwaje wannan ya dame su, har Walter Rogowski na Aachen ya fito a 1923 da faifan da aka lanƙwasa gefensa, don ƙarfin ya bazu daidai, tartsatsi kada ya ɓalle daga baki. Mai inji akasin haka yake so. Sabon fulogi bakinsa da kaifi, wuta na tashi da sauƙi. In ya tsufa bakin ya mulmule, giɓin ya buɗe, sai ya nemi ƙarfin da kwayil ɗin da ke ba shi wuta ba zai iya bayarwa ba. Kankara tana cire datti, amma ba ta dawo da kaifin da ya cinye.