Mai Tsaron Mudu: Tarihin Shaidar Digiri Kamar Yadda Na Gan Shi

Shekara shida na yi ina jami'in jarrabawa na sashenmu, daga baya aka mayar da ni ofishin tsare-tsaren karatu na jami'a, inda na zauna har ritaya. Duk lokacin da na je gida aka tambaye ni takamaimai mene ne aikina, tunda an ji ban cika shiga aji ba, sai in ce ni mai tsaron mudu ne. Ba ni nake noma hatsin ba, ba kuma ni nake sayarwa ba. Nawa kawai in tabbatar mudun da ake awo da shi bai lotsa ba, kuma ba a cusa masa tsumma a gindi ba. Dattawa sukan yi dariya, amma sun fi gane wannan bayanin a kan kalmar tantancewa.

Kakana malamin zaure ne. A cikin gafakarsa akwai wata takarda da tawadarta ta koɗe, wadda ba ya bari yara su taɓa. Ijaza ce. A cikinta malaminsa ya rubuta cewa wane ya karanta littafi kaza a gabansa kuma ya yi masa izini ya karantar, shi ma ya karɓa daga wane, wane daga wane, har sunayen suka bar ƙasar Hausa suka nufi gabas. Tsarin ya daɗe a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙaninsa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Abin da ke ba wannan takarda nauyi shi ne sunan mutum. In almajiri ya je wani gari ya yi kwaɓa a fassara, ba shi kaɗai za a yi wa dariya ba, tambayar farko ita ce, wa ya karantar da kai?

Da jami'ar boko ta zo, tambayar ba ta sake ba, mai amsa ta ne ya sake. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a watan Janairu na 1948 da ɗalibai 104, a ƙarƙashin Kenneth Mellanby, kuma digirin da take bayarwa na Jami'ar Landan ne. Malaman Ibadan su tsara manhaja da tambayoyin jarrabawa, a aika Landan a duba a amince. In ɗalibai sun rubuta, malamansu su yi makin farko, sannan takardun su haye teku, wasu masu jarrabawa a can su sake bi. Sai ɓangarorin biyu sun daidaita ake fitar da sakamako. An soki tsarin, kuma da gaskiyar masu suka: manhajar ta fi kallon Ingila a kan Najeriya, ƙofar shiga kuma ƙunci gare ta, ƙasa guda amma waɗanda ake yayewa a shekara ba su cika zaure biyu ba. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a iya musu. Mai duba takardar a Landan bai san ɗan wa ya rubuta ta ba, ba kuma wanda zai sallama masa da daddare da ƙwaryar goro.

A 1962 Ibadan ta tsaya da ƙafarta. A wannan shekarar, ranar 4 ga Oktoba, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya, Norman Alexander ne shugabanta na farko, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana cikin rassanta. An rabu da hatimin Landan, amma an riƙe gadonsa mafi amfani, wato mai jarrabawa na waje. Kowane sashe zai gayyato babban malami daga wata jami'a ya duba tambayoyin ajin ƙarshe kafin a buga su, ya dawo bayan jarrabawa ya bi takardun amsa, ya rubuta rahoto kai tsaye zuwa ga shugaban jami'a.

Na riski wutsiyar wannan zamani. Ina ƙaramin malami lokacin da wani dattijon farfesa ya zo mana daga kudu, a mota, kwana biyu yana hanya. Aka ba shi ofishin shugaban sashe, ya rufe ƙofa ya kwana uku yana karatu, ba ya fita sai cin abinci. Bai damu da takardun da makinsu ya fito fili ba. Waɗanda suke kan iyaka yake nema, mai 59 da mai 69, da wanda ya faɗi da maki ɗaya. Ya sa aka kira masa ɗalibai huɗu ya yi musu tambayoyi baki da baki. Ni kuwa ya kira ni ya ajiye wata takarda a gabana, ya ce in nuna masa inda na samo maki goma sha biyar da na bayar a tambaya ta uku. Na duba, na sake dubawa, ban gansu ba. Rubutun yaron ne mai kyau, ya ruɗe ni. Bai ɗaga murya ba, amma ban sake makin takarda ina hira ba har na bar aiki.

A lokacin jarrabawa sau ɗaya ce a shekara, a watan Yuni, kuma ɗalibai suna tsoron watan nan kamar ranar hisabi. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu ya dawo a Satumba ya sake, in ya kuma faɗi ya maimaita shekara.

Ita Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, da farko ba ruwanta da wannan duka. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya ba da shawarar kafa ta, aka kafa ta a 1962 a matsayin ɗan ofishin ba gwamnati shawara, galibi kan rabon kuɗi. A 1974 doka ta tabbatar da ita a matsayin hukuma, Jibril Aminu ya zama babban sakatarenta a 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, ta Kano kuma ta cika jami'a a 1977. Jihohi suka shigo da nasu bayan 1979. Sai kuɗin mai ya ja baya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, malamai suka yi ta ficewa, wasu Saudiyya, wasu Amurka, wasu bankuna. Laburare ya daina samun sababbin mujallu. A nan ne aka gane cewa mutum ɗaya mai zuwa kwana uku ba zai iya faɗin ko sashe yana da abin koyarwa ba.

Doka mai lamba 16 ta 1985 ita ta ba NUC ikon gindaya mafi ƙarancin ma'aunin karatu da tantance kwasa-kwasai. A 1989, zamanin Idris Abdulkadir, aka fitar da kundin ma'aunin a fannoni 13. Tare da shi tsarin zango biyu da lissafin maki na CGPA suka game jami'o'i, jarrabawar Satumba ta kau, kariyoba, wato ɗaukar darasin da aka faɗi a sake shi a gaba, ta maye gurbinta. Ni ne jami'in jarrabawa a shekarun canjin, da kalkuleta da faffaɗar takarda nake lissafin ɗalibi ɗari uku, fitilar ƙwai a gefe in an ɗauke wuta. Zagayen tantancewa na farko an yi shi a 1990 zuwa 1991. Cikin kwasa-kwasai 837 da aka duba, 185 ne kawai suka sami cikakkiyar shaida, 572 suka sami ta wucin gadi, aka hana 80. Wannan sakamako, a ganina, shi ne mafi gaskiya da aka taɓa fitarwa, domin a lokacin ba mu iya kwalliya ba tukuna.

Yadda abin yake, sashe zai cike wani kakkauran fom yana bayyana kansa. Sai tawaga ta zo, farfesoshi daga wasu jami'o'i da ma'aikacin hukuma, su yi kwana biyu ko uku. Suna ba da maki a kan manhaja, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da laburare, da kuɗin gudanarwa, da ra'ayin masu ɗaukar ɗaliban aiki. Cikakkiyar shaida tana buƙatar kashi 70 a jimla, da kuma 70 a kowane ɗaya daga huɗun farko. Wanda ya gaza 60 an hana shi, dole ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai. Akwai ƙa'idar malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannin adabi, 20 a kimiyya, 15 a injiniya, 10 a likitanci. Ban da NUC kuma, ƙungiyoyin sana'a irin su COREN ta injiniyoyi da majalisar likitoci suna zuwa da nasu awon.

Zan faɗi alherin tsarin kafin in faɗi aibinsa. Na ga ɗakin gwaje-gwaje da aka shekara goma ana roƙon a gyara rufinsa, aka gyara cikin mako uku saboda wasiƙar NUC ta iso. Shugabannin sassa sun koyi cewa ba lokacin da bursa yake sakin kuɗi da fara'a kamar jajibirin zuwan tawagar tantancewa. Malamai da yawa sun sami ƙarin girma da aka danne musu don a cike gurbin manya a fom.

Amma da zarar mutane sun san ranar da za a zo awo, sun kuma san abin da za a ƙirga, sai su koyi cika ido. Da idona na ga motar a-kori-kura ta shigo bayan isha'i da na'urorin hangen ƙwayoyin cuta goma sha biyu da aka aro daga wata makaranta, aka liƙa musu lambar sashenmu a kan ta masu su. Na ga littattafai daga shagon wani ɗan kasuwa an jera su a kanta da sharaɗin kada a buga musu hatimi. Na ga an manna sunan farfesa a ƙofar ofis, alhali rabonsa da garin tun ranar da ya karɓi takardar malamin ziyara, kuma sunan nan nasa yana manne a wasu ƙofofin biyu a wasu jihohi. Ban kai ƙara ba. Ni ma na sa hannu a fom ɗin, kuma wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kai. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na kwana uku yana rufewa sarai. Ba kuma don 'yan tawagar ba su gani ba ne. Wani daga cikinsu ya ɗaga na'ura ɗaya, ya shafa lambar da yatsa, ya dube ni ya ajiye. Wata uku bayan nan tawaga za ta je sashensa.

A 2012 gwamnati ta naɗa kwamitin Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga halin da suke ciki. Da yake wannan zuwan ba na hukunci ba ne, na neman a ba da kuɗi ne, kowa ya buɗe ƙofar da ya saba kullewa. Rahoton ya ƙirga malamai 37,504, kuma kusan kashi 43 cikin ɗari ne kawai suke da digirin digirgir. Aka ga hotunan ɗalibai suna ɗaukar darasi ta taga, da risho a ɗakin gwaji. Da yawan waɗannan sassa suna riƙe da shaidar hukuma a lokacin.

An ci gaba da gyara kundin ma'aunin karatu. An sabunta shi a 2007, sannan a Disambar 2022, zamanin Abubakar Adamu Rasheed, aka ƙaddamar da sabo a fannoni 17, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 na manhaja ta tsara da kanta. Wannan ya yi mini daidai. Abin da ke damuna shi ne mai jarrabawa na waje, wanda ya rame har ya kusa ɓacewa. A shekaruna na ƙarshe na ga wanda ya iso da hantsi, aka tara masa kundayen ɗalibai ɗari da hamsin, ya sa hannu kafin la'asar don ya kama hanya da sauran rana, kuɗin aikinsa kuwa sai bayan wata takwas aka biya. Fom yana iya ƙirga kujeru da kwamfutoci, amma bai taɓa tambayar malami inda ya samo maki goma sha biyar ba.

Don haka roƙona ga hukuma guda biyu ne: ta riƙa zuwa ba sanarwa a tsakiyar zango, kuma ta ɗauki takardun amsa da hannunta daga cikin ɗauri, ba waɗanda aka zaɓa mata ba. Ku kuma iyaye, kafin ku biya kuɗin rajista, ku duba ko kwas ɗin da aka ba yaronku yana cikin jerin da NUC ta amince da su, sannan ku sami ɗalibin ajin ƙarshe a sashen ku tambaye shi sau nawa ya taɓa na'urar da hannunsa.